Me ya sa ba ma ganin fim ɗin Hausa a silimomin Jidda?

Wani ƙanenmu ne ya turo wannan: "Assalamu alaikum Baba Alhaji. Ni direba ne a nan Jidda, shekarata 4 a nan. Duk sanda na kai yaran kafilina, wato maigidan da ya ɗauke ni aiki, silima a Red Sea Mall sai in tsaya ina duba allunan nan, ga na Amurka, ga na Masar, ga na Indiya kala-kala har da yaren da ban taɓa ji ba, amma ban taɓa cin karo da na Hausa ba ko sau ɗaya, alhali ga mu nan birjik a Jidda da Makka da Madina. Raina mu aka yi ne ko hukuma ce ta hana? Mawaƙanmu ma haka, ba na jin an kira su wasannin Riyad, bikin nishaɗin nan na shekara-shekara."

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi albarka. Ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi, don ni a wannan harkar na tsufa, tun ina yaro ina share ƙura a shagon kaset na kawuna a Sharamansur ta Makka, har yanzu da nake aikin fassarar rubutun ƙasan allo da shirya takardun finafinai a wani kamfanin rarrabawa a nan Jidda. Amsar a taƙaice ita ce ba raini ba ne kuma ba hani ba ne, lissafin kujera ne kawai. Amma in na tsaya a nan za ka ce na kare Larabawa ne, toh bari in warware maka.

Ka fara sanin cewa ita kanta silimar nan jaririya ce. Da can akwai ta a Jidda, irin ta tsakar gida da Larabawa ke ce wa ahwash, a kafa farin ƙyalle a jera benci, manyanmu suna ba da labarin ta Bab Sharif da ta Hindawiyya, galibi finafinan Masar ake sawa. Bayan abin da ya faru a Harami a 1979, lokacin da Juhaiman da mutanensa suka mamaye masallacin, sai ƙasa ta ƙara tsuke komai, zuwa farkon shekarun 1980 an rufe su kaf. Aka zauna haka wajen shekara 35. Sai a Disamba 2017 aka sanar za a dawo da ita, ranar 18 ga Afrilu 2018 aka buɗe ta farko a Riyad da fim ɗin Black Panther, ita kuma wadda kake kai yaran ta Red Sea Mall sai farkon 2019 aka buɗe ta. Yani duk wannan ginin da fitilun da kake gani bai kai shekarun yaron da ke aji shida ba, kuma kamfanonin da suka zuba kuɗi a ciki, su VOX da Muvi da sauransu, har yanzu ƙoƙarin maida uwar kuɗi suke, ba su da lokacin yi wa kowa alfarma.

Ga yadda fim yake hawa wancan allon da kake dubawa. Mai silima ba ya zuwa Kano ko Alƙahira neman fim, yana zaune ne mai rarrabawa ya kawo masa. Shi mai rarrabawa shi ne dillali, shi zai sayi haƙƙin haska fim ɗin a ƙasashen Gulf daga hannun furodusa, ya sa a yi masa fassarar Larabci a ƙasan allo, ya kai wa hukumar da ke tantancewa ta kalla ta ba shi rukunin shekaru, ko PG12 ko R15 ko R18, in akwai wajen yankewa a yanke, sannan ya biya kuɗin talla, sannan ya zo yana lallaɓa mai tsara jadawalin silima ya ba shi zaure da lokaci mai kyau. Sabon fim ranar Alhamis yake fita a nan, saboda hutunmu Juma'a da Asabar ne. Ranar Lahadi da safe mai jadawali zai buɗe kwamfuta ya ga kujera nawa kowane fim ya sayar a kwana ukun nan, wanda ya cika zaure a ƙara masa lokuta, wanda bai cika ba a tura shi ƙarfe ɗayan rana lokacin da kowa ke wajen dawam, wato aiki, sati na gaba kuma halas, an sauke shi. Ba ruwansa da yare, wallahi ko da yaren aljanu aka yi fim in dai zai cika kujeru zai sa shi.

Mu yi ɗan lissafi na misali. A ce zaure mai kujera 120, tikiti riyal 50. In ya cika riyal 6,000 kenan a haskawa ɗaya. A cire harajin ƙasa na kashi 15 cikin ɗari, abin da ya rage a raba kusan biyu tsakanin mai silima da mai rarrabawa, shi kuma mai rarrabawa ya fara cire abin da ya kashe da ladansa kafin ragowar ta isa hannun furodusa. Yanzu a ce mutum 15 ne suka shigo, riyal 750, ko kuɗin sanyaya zauren da albashin yaran da ke share gugguru bai fito ba. Toh kai in kai ne mai silimar, ga fim ɗin barkwanci na Masar da ka tabbata zai cika maka zaure har ƙarfe biyun dare, ga na Hausa da ba ka san ko mutum 15 ɗin ma za su zo ba, wanne za ka sa? Ai ko kai Bakano ne na Masar ɗin za ka sa.

Na Indiya da ka gani kala-kala kuwa ga sirrinsu. Ƙidayar 2022 ta nuna mutanen ƙasar nan miliyan 32.2 ne, a ciki miliyan 13.4 baƙi ne, Indiyawa kaɗai sun kusa miliyan 2, Misrawa wajen miliyan ɗaya da rabi. Wancan yaren da ka ce ba ka taɓa ji ba wataƙila Malayalam ne na mutanen Kerala, waɗannan da kake gani a baƙala, wato kantin unguwa, da asibiti da wajen canjin kuɗi, ko kuma Tamil. Fim ɗin Indiya na farko da aka haska bayan buɗewa ma na Tamil ne, Kaala na Rajinikanth, a 2018. Su waɗannan mutanen tun suna gida al'adarsu ce ranar da fim ya fita a je silima da dangi, a yi ihu a yi fito, kuma dillalansu sun daɗe suna wannan kasuwar a Dubai da Kuwait da Bahrain tun kafin Saudiyya ta buɗe, da aka buɗe sai kawai suka ƙara ƙasa ɗaya a jerin da suke da shi. Mu ba mu da dillali ko ɗaya da ya san hanyar.

Yanzu mu zo kan "ga mu nan birjik" ɗin da ka ce, don nan ne gizo ke saƙa. Gaskiya muna da yawa, amma mu ba tsintsiya ɗaya ba ne. Akwai jikokin waɗanda suka zo da ƙafa ta Sudan tun zamanin kakanni, waɗanda yau sunan gidansu Hausawi ko Fallata, 'yan ƙasa ne, wasu sojoji wasu malamai wasu 'yan ƙwallo irin su Usama Hausawi da ya yi kyaftin ɗin ƙungiyar ƙasa. Su ne masu kuɗin tikiti da mota da lokaci, kuma suna zuwa silima sosai, amma da yawansu Hausarsu ta tsaya a "sannu" da "ina kwana" da sunan abinci, sun tashi ne da Tash ma Tash, wasan barkwancin su Nasir Alƙasabi da aka fara a 1993 aka yi shekaru ana sawa duk azumi bayan buɗa baki, yau kuma Shahid da Netflix ne a wayarsu. Ka sa musu fim ɗin Kano sai sun karanta rubutun ƙasa kamar kowane Balarabe. Sai irinku masu iƙama, wato takardar izinin zama, direbobi da masu gadi da 'yan shagala masu aikin gida, ku ne masu son fim ɗin da gaske, amma kai da kanka ka faɗa, yaran kafili ka kai, kana tsaye a waje kana jiran su fito. Daren Alhamis da ake so zaure ya cika shi ne daren da aiki ya fi yi muku yawa, kuma riyal 50 in ka canza ta zuwa naira ka san buhun me za ta rage a gida, mutumin da ke ƙirga abin da zai tura wa mahaifiyarsa ƙarshen wata ba zai ba da ita don awa biyu a cikin duhu ba. Sai kuma 'yan'uwanmu da takardunsu ba su cika ba, su kam ko kyauta aka ce su zo babban kanti mai kyamara da masu tsaro a kowace ƙofa ba za su zo ba, wa zai je kallon fim ya ƙare a tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora gida? Alhazai da masu umara kuwa ba abin da ya kawo su kenan ba.

Ka ƙara da cewa mu a al'adarmu kalmar silima kanta tana da tabo. Dattijon da ya tashi a Kano lokacin su Plaza da Marhaba da Eldorado ya san wa ake cewa ɗan silima, ba yabo ba ne. Hajiyar da za ta kwana tana kallon Labarina a waya tana share hawaye, ka ce mata ta shirya a je silima sai ta ce a'uzubillahi, a ƙasa mai tsarki? Fim ɗin dai shi ne, ɗakin ne ya bambanta. Ni har yau uwargidana ba ta taɓa taka ƙafa ba, kuma da kuɗin silimar ake cefane a gidan.

Wannan ɓangaren masu kallo kenan. Ɓangaren masu yin fim ɗin ma akwai magana, kuma ita ce ba a so a faɗa. Masana'antar Kano ba a kan silima aka gina ta ba tun asali. Tun daga Turmin Danya a 1990 kaset ne, daga kaset aka koma faifai, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata su ne masu riƙe da wuyan harkar. Mu a nan haka muke samu, 'yan Kano-Jidda su cusa kaset a cikin kayan yaji da kuka da daddawa, a kawo shagon kawuna mu kwana muna kwafa, washegari mata su aiko yara haya, ina tuna lokacin Sangaya sai da muka yi jerin suna don layi. Da masu tura fim a waya suka kashe kasuwar faifai, aka ɗan gwada silima a Kano na 'yan shekaru, sai kuma kowa ya watse ya koma fim mai dogon zango. Arewa24 ta fara a 2014 ta zo da Daɗin Kowa, daga baya Kwana Casa'in, sai su Izzar So da Labarina suka nuna wa kowa cewa a YouTube ma ana cin abinci. Yau in ka je Kano ka ce a ba ka sabon fim guda mai awa biyu da aka yi don babban allo, sai an yi ta bincike. Ana yi jefi-jefi, ai ga Mai Martaba da Najeriya ta tura gasar Oscar a 2024, amma ba shi ne abincin yau da kullum na masana'antar ba. Kashi na 87 na shiri mai dogon zango kuma ba a sa shi a silima.

Ni na taɓa gwadawa, kar ka ce ji na yi. Wata shekara na lallaɓa maigidana ya yarda mu gwada fim ɗaya na Hausa a zaure ɗaya, sati ɗaya, na yi magana da wani furodusa, ba zan kama suna ba don har yau muna gaisawa. Na ce ya turo min fim ɗin a tsarin da silima ke karɓa, wanda ake ce wa DCP, wato wani kunshi ne na musamman mai mukulli, ana ba kowace na'ura lambar buɗewa ta iya kwanakin da aka yi yarjejeniya. Sai ya turo min irin wanda ake ɗorawa a YouTube, ga tambarin tasharsa manne a kusurwa daga farko har ƙarshe, ga lambar wayar mai maganin gargajiya tana wucewa a ƙasa. Muka ce a sake. Da aka sake sai matsalar sauti, a waya lafiya lau kake ji, amma da muka sa a zauren gwaji mai lasifika ta ko'ina sai ga ƙarar janareta a bayan duk maganar da aka yi a falo, wani wajen murya ta yi sama kamar za ta fasa kunne wani wajen sai ka kasa kunne. Sai kuma waƙoƙi, guda uku a ciki, ɗaya daga jin ta ka san karin wata waƙar Indiya ce aka ɗauko aka sa mata Hausa, lauyan kamfani ya ce ina takardar izini, ka san a nan masu haƙƙin waƙoƙin Indiyan suna da wakilai, ba Kano ba ce da za a ce Allah ya kiyaye gaba. Duk muna cikin wannan ina ta fassara dare da rana, ka san wahalar maida habaici da karin magana zuwa Larabci a layi biyu kuwa, kawai wata safiya ɗiyata ta miƙo min waya ta ce Baba ba wannan ne fim ɗin naku ba? Ya sake shi a tasharsa kyauta, wai yana buƙatar kuɗin sallamar ma'aikata. Ban ga laifinsa sosai ba, mutum da bashi a wuya, amma ranar na sha kunya a ofis.

Abin dariyar shi ne wajen da kake zargi, wato tantancewa, nan ne fim ɗin Hausa zai fi kowa wucewa salin alin. Fim ɗin da ya tsallake hukumar tace finafinai ta Kano, wadda ke nan tun 2001, inda namiji ko hannun mace ba ya riƙewa, me Balarabe zai yanke a ciki? Sai dai a kula da wuraren boka da tsibbu da abin da ya shafi saɓanin aƙida, su ne za su iya jawo tambaya.

Kuma ƙofar ba a rufe take ba. Dubi 'yan Sudan, fim ɗinsu Goodbye Julia na Muhammad Kordofani ya ci kyauta a bikin Kan na Faransa a 2023, ya samu dillali na gaske, aka kai shi silimomin Masar da na Gulf, 'yan Sudan da yaƙi ya tarwatsa suka fito da iyalansu suka cika zaure. Ga kuma bikin finafinai na Red Sea da ake yi a nan Jidda tun Disamba 2021, yana da asusun tallafa wa masu fim na ƙasashen Larabawa da Afirka, Najeriya da Nijar ai Afirka ne. Amma takarda ake cikewa da Turanci ko Larabci, a kawo rubutaccen labari da kasafi da tsarin aiki, ba a turo saƙon murya a ce Alhaji a taimaka. Tunda Ali Nuhu ya zama shugaban hukumar finafinai ta Najeriya a farkon 2024 nake fatan a samu masu bin irin wannan hanyar da gaske, don labari kam muna da shi, labarin takari kaɗai, tafiyar ƙafa daga Kano zuwa Sawakin ta Sudan a tsallako teku, wallahi in aka yi shi da kyau har jikokin nan da ba sa jin Hausa sai sun sayi tikiti, don labarin kakanninsu ne.

Batun mawaƙa shi ma kusan haka ne, ba zan ja shi ba. Wasannin Riyad da aka fara a 2019 ƙarƙashin hukumar nishaɗi ta Turki Al Shaikh kwangila ce da kamfanoni da biza ta aiki da izinin taro. Ko makonnin da ake ware wa baƙi a lambun Suwaidi, na Indiya da Fakistan da Filifin da Sudan, yawan jama'ar da ke da takarda ake dubawa da kuma wanda zai tsaya musu a hukumance. Namu mawaƙan galibi da bizar umara suke shigowa, wadda ba a yarda a yi sana'a da ita ba, sai dai a ji su a bikin aure a istiraha, gidan da ake haya don taro, cikin sirri. Amma kar ka ce jininmu bai taɓa hawa dandamalin ƙasar nan ba, marigayiya Itab, ɗaya daga cikin matan farko da suka yi suna a waƙar Saudiyya, wadda ta rasu a Alƙahira a 2007, sunan gidansu Hausawi ne, da Larabci dai ta yi waƙarta.

Sannan wani abu da ba ka sani ba, kai ɗin nan da kake ganin an manta da kai, furodusoshin Kano sun san da zamanka fiye da yadda kake zato. YouTube ba kuɗi ɗaya take biya a kan kowane kallo ba, ya danganta da ƙasar da mai kallon yake, don masu talla a nan sun fi na Najeriya biya nesa ba kusa ba. Kallonka ɗaya daga Jidda ya fi na mutum da yawa a Kano kawo musu kuɗi, shi ya sa za ka ji jarumi yana gaida "masoyanmu na Saudiyya" a ƙarshen shiri, ba don Allah kaɗai ba ne. In kana so ka taimaki harkar, ka kalla a tashar masu shi, ka bar tallar ta ɗan yi tafiya, ka daina karɓar wanda aka yanko aka watsa a WhatsApp da Telegram.

In kuma lallai babban allon kake kwaɗayi, silimomin nan suna ba da hayar zaure ga masu taro na musamman. Ku haɗa kanku ku direbobi da masu gadi, ku zaɓi ranar da yawancinku ke hutu, kowa ya biya kuɗinsa a hannu tukuna, ba alƙawarin "in sha Allahu zan zo" ba don na san halinmu, ku samu furodusan da zai ba da izini a rubuce kuma ya yi haƙuri kar ya saki fim ɗin kafin ranar. In kun kai mutum 100 da kuɗinsu a ƙasa ka neme ni, fassarar Larabcin da kai wa hukuma ni zan yi muku ba ko riyal. Sai dai ka gaya musu tun wuri ba a shiga da abinci daga waje, kar wata Hajiya ta zo mana da kular dambu a ƙarƙashin abaya.